Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Hedifon na Haɗa Waƙa a Gida da Zaɓen Makarantar Lauyan Mawaƙa

Matasan da suka shigo harkar waƙa suna yawan yi mini tambayoyi iri biyu waɗanda a ido suke kamar ba su da dangantaka. Wasu suna son sanin irin hedifon da za su saya domin haɗa sauti a ɗakinsu, wato daidaita murya da kiɗan da aka ɗauka su zama waƙa guda, wasu kuma, galibi ƙannen mawaƙa ko waɗanda suka ga yadda aka ci gumin wani nasu, suna son sanin inda za su karanta shari'a domin su zama lauyoyin masu fasaha. Na haɗa amsoshin wuri guda saboda mutane iri ɗaya ne suke tambaya, kuma kuskuren da suke yi a wuraren biyu iri ɗaya ne, wato bin suna kafin a duba aikin da za a yi da abin.

Shin za a iya haɗa waƙa da hedifon kawai, ba tare da lasifikar situdiyo ba?

Za a iya, kuma ga yawancin masu aiki a gida hakan ya fi aminci. Lasifikar situdiyo ba ta faɗin gaskiya sai a ɗakin da aka gyara domin ta. Ɗakin siminti mai tayil a ƙasa, da bango huɗu tsirara, da silin na roba, yana mayar da sauti ta ko'ina, har kaurin kiɗa ya taru a kusurwa ɗaya ya ɓace a wata. Mutum zai zauna a tsakiyar ɗaki ya ji kamar bes ɗin, wato kaurin kiɗan, ya yi kaɗan, ya ƙara shi, sai an kunna waƙar a mota a ji ta tana ɗimi kamar an kife ta da tukunya. Hedifon yana cire ɗakin daga lissafi gaba ɗaya, kuma yana ba ka damar yin aiki da dare ba tare da ka shiga haƙƙin maƙwabta ba.

Sai dai yana da nasa aibin. Idan kana saurare da lasifika, kunnen dama yana jin abin da ya fito daga hagu, na hagu ma haka, amma a hedifon kowane kunne nasa kaɗai yake ji. Wannan ne ya sa faɗin sauti yake zama kamar ya fi yadda yake, amsa-kuwwar da ka sa wa murya kuma take fitowa fili fiye da kima, sai ka rage ta, a lasifika kuma muryar ta bushe. Wanda ya san da wannan tun farko zai riƙa lura, wanda bai sani ba kuwa zai yi ta mamakin yadda aikinsa yake sauya kama da zarar ya bar ɗakinsa.

Mene ne bambancin mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita kafin a ambaci sunan kowane kamfani. Mai rufaffen baya yana da murfi a bayan kowane kunne, don haka sauti ba ya fita sosai, hayaniyar waje ma ba ta shiga sosai. Shi ake sa wa mawaƙi lokacin ɗaukar murya, domin kada kiɗan da yake ji ya tsiyaye ya shiga makirufo. Sony MDR-7506, wanda aka fito da shi a 1991 kuma har yau ake ganinsa a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim, yana cikin wannan rukuni, haka Audio-Technica ATH-M50x, da Beyerdynamic DT 770 Pro, da Sennheiser HD 280 Pro.

Mai buɗaɗɗen baya kuwa raga ce a bayansa, iska tana shiga tana fita. Sautinsa ya fi kama da na zahiri, ba ya tara kauri a cikin kunne, kuma ba ya gajiyar da kai da wuri. Sennheiser HD 600, wanda yake kasuwa tun 1997, da ɗan'uwansa HD 650, da AKG K702, da Beyerdynamic DT 990 Pro su ne aka fi ambata. Akwai kuma na tsaka-tsaki irin su AKG K240 Studio da DT 880. A littafi, amsar ita ce a ɗauki murya da rufaffe a haɗa sauti da buɗaɗɗe. Amma littafin bai san ɗakinka ba. Idan janaretan maƙwabci yana aiki a bayan tagarka, ko fanka tana kaɗawa a saman kanka saboda zafin watan Afrilu, buɗaɗɗen hedifon zai shigo maka da duk wannan ƙarar, sai ka riƙa ƙara sauti domin ka rufe ta, ka cuci kunnenka ka kuma yanke hukunci a kan abin da ba ka ji da kyau ba. Ga wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, kuma da shi zai ɗauki murya da shi zai haɗa, ina ba da shawarar rufaffe ba tare da wata tantama ba.

To a cikin waɗannan wanne ya fi?

Babu wanda ba shi da hali. MDR-7506 yana fito da kaifin sauti, shi ya sa yake saurin tona asirin shuuu ɗin makirufo da ƙarar harafin s a bakin mawaƙi, amma wayarsa mai naɗi ba a cire ta. ATH-M50x yana ɗan ƙara kauri a ƙasa, wanda yake sa kiɗa ya yi daɗin ji, kuma ana cire wayarsa a sauya idan ta lalace. DT 770 da DT 990 suna da daɗin sawa na tsawon lokaci, sai dai suna da tsini a siraran sautuka, wanda zai iya sa ka rage kaifin waƙa fiye da yadda ya kamata. HD 600 ya yi fice wajen nuna murya yadda take, kuma ga waƙar Hausa, inda baiti da lafazi su ne kan gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya kai wa can ƙasan bes da ƙarfi.

Abin da nake so a riƙe shi ne cewa sanin halin hedifon ɗinka ya fi tsadarsa amfani. Na taɓa haɗa wata waƙar biki da wani hedifon na sauraron nishaɗi mai yawan bes. A kunnena kalangun yana magana sarai, gangar tana dukan ƙirji. Da mai waƙar ya tura ta wayarsa ya kunna mana a ƙofar gida, sai muka ji muryarsa tsirara a sama, kalangun ya koma kamar ana ƙwanƙwasa kwali daga nesa. Abin da ya faru shi ne hedifon ɗin ya cika mini kunne da kaurin da babu shi a cikin waƙar, ni kuma na bar tsakiyar sautin kalangun, wanda shi ne ƙaramar lasifikar waya take iya fitarwa, ba tare da na ɗaga shi ba. Tun daga ranar na ware waƙoƙi biyar da na san an haɗa su da kyau, nake sauraronsu da hedifon ɗin aikina kafin in fara kowane aiki, domin kunnena ya tuna inda daidai yake.

Me lambar om da ake rubutawa a jikin kwali take nufi?

Tana nuna irin turjiyar da hedifon yake yi wa wutar da ke shiga cikinsa. A taƙaice, mai babbar lamba yana bukatar na'urar da za ta tura shi da ƙarfi. ATH-M50x om 38 ne, MDR-7506 om 63, HD 600 kuma om 300. DT 770 Pro yana zuwa iri uku, 32 da 80 da 250, kuma mutane da yawa suna sayen na 250 saboda sun ji an ce shi ne na ƙwararru, su jona shi a ramin kwamfutar tafi-da-gidanka, su ji sautin ya yi sanyi babu kuzari, su ce an sayar musu da jabu. Idan kana da akwatin sauti da ake jona makirufo da hedifon a jikinsa, irin Focusrite Scarlett da makamantansa, na 80 zai yi maka daidai. Idan waya ko kwamfuta ce kawai a hannunka, tsaya tsakanin 32 da 63. Na 250 da 300 sai ka tabbata na'urarka tana iya ɗaukarsu, ko ka sayi ƙaramar amfilifaya ta hedifon.

Ba zan iya amfani da na bulutut ɗin da nake da shi ba?

Don duba aiki a ƙarshe, za ka iya, tunda da irinsa masu sauraro da yawa za su ji waƙar. Don haɗawa kuwa bai dace ba, saboda yana matse sauti kafin ya aiko shi, yana jinkiri tsakanin abin da ka taɓa a fiyano da abin da ka ji, kuma yawancinsu an gina su ne su ƙawata sauti.

Manhajojin gyara sautin hedifon suna da amfani?

Suna da shi. SoundID Reference na kamfanin Sonarworks yana ɗauke da ma'aunin hedifon iri-iri, yana rage inda naka ya yi yawa ya ƙara inda ya gaza. Akwai kuma manhajojin da suke tsiyayar da kaɗan daga sautin hagu zuwa dama da na dama zuwa hagu, domin a kwaikwayi zaman gaban lasifika. Sharaɗi ɗaya ne: ka kashe su kafin ka fitar da waƙar, in ba haka ba gyaran da aka yi domin kunnenka zai bi waƙar zuwa wayoyin mutane.

Duk da haka babu manhajar da ta kai fita waje. Ka mayar da waƙar zuwa sauti guda, wato hagu da dama a haɗe, ka ji ko wani abu ya ɓace. Ka kunna ta a lasifikar waya, ka kunna a ƙaramar rediyo mai ɗaukar memori, ka roƙi mai adaidaita sahu ya sa maka ita ku zaga unguwa. A waɗannan wurare ne waƙarka za ta rayu, kuma idan baitin farko bai fito ba a cikin ƙarar injin da hon, to aiki bai ƙare ba.

Yaya zan kare kunnena?

Wannan tambaya ba a cika yi mini ita ba, ni nake cusa ta. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) kada a wuce awa 8 a cikinta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, idan ta kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Hedifon yana kai wa nan cikin sauƙi ba tare da ka ankara ba. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma siraran sautuka ne suke fara tafiya, waɗanda su ne jarin mai haɗa sauti.

Akwai ma dalili na aiki. Tun 1933 binciken Fletcher da Munson ya nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifi daidai a kowane matakin ƙara. Idan aka ƙure sauti, komai yana zama kamar ya cika ya yi daɗi. Wanda ya haɗa waƙa a ƙure yana yaudarar kansa ne. Ka yi aiki da sauti madaidaici, ka cire hedifon bayan kowace awa ka huta, kuma idan ka ji kunnenka yana ƙara bayan ka tashi, ka san ka wuce gona da iri.

Me zan duba a wajen saye?

Jabun shahararrun hedifon sun yi yawa, don haka farashin da ya yi araha fiye da kima abin tsoro ne. Ka tafi da wayarka da waƙar da ka sani, ka gwada kunne biyun. Ka kuma tambaya ko ana samun soson kunnensa daban, domin a zafinmu da gumi fatar roba ba ta daɗewa. Wanda ya yi amfani da MDR-7506 ya san yadda baƙin ɓawo yake fara zubowa a wuyan riga. Sauya soso yana dawo da sauti, tunda soson da ya lotse yana canza yadda bes yake zama. A lokacin hunturu kuma a riƙa ajiye shi a jaka saboda ƙura.

Mene ne aikin lauyan masu fasaha, kuma akwai digiri na musamman da ake yi?

A Najeriya babu digirin farko da ake kira na shari'ar nishaɗi. Hanyar ita ce digirin shari'a na shekara biyar a jami'a, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, sannan shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari kusa da Abuja, da rassa da suka haɗa da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Bayan an rantsar da mutum a matsayin lauya ne yake karkata zuwa fannin da yake so.

Aikin kansa ba shi da yawan tsayuwa gaban alƙali. Mafi yawansa karanta yarjejeniya ne da rubuta ta. A cikin kowace waƙa akwai haƙƙin mallaka iri biyu: na baiti da karin waƙar, da kuma na sautin da aka ɗauka a situdiyo. Wanda ya rubuta, da wanda ya rera, da wanda ya buga kiɗa, da wanda ya biya kuɗin situdiyo, kowa yana iya zama da rabo, kuma rigimar da take ɓarkewa bayan waƙa ta karɓu kusan kullum daga nan take tasowa, saboda an yi komai da fatar baki a kan amana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare kiɗa da baiti har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Dokar ta ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce. Wanda yake son wannan aiki dole ya san wannan doka kamar tafin hannunsa, ya san aikin Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, idan kuma a Kano zai zauna ya san ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. A Nijar kuwa hukumar BNDA ce take kula da haƙƙin masu fasaha, kuma ƙasar tana cikin ƙungiyar OAPI ta kare mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde.

Idan ina son ƙaro karatu a waje, waɗanne makarantu aka sani da wannan fanni?

A Amurka makarantun da suka yi suna a fannin suna zaune ne inda masana'antar take. A Los Angeles akwai UCLA mai Cibiyar Ziffren, da USC, da Loyola, da Southwestern mai Cibiyar Biederman ta shari'ar nishaɗi da kafofin watsa labarai. A New York akwai NYU da Fordham da Cardozo. A Nashville, cibiyar kamfanonin waƙa da mawallafanta, akwai Vanderbilt da Belmont. Jami'ar Miami tana da digiri na biyu a shari'ar nishaɗi da fasaha da wasanni. A Landan, Jami'ar Westminster tana koyar da shari'ar nishaɗi, Queen Mary kuma ta shahara a fannin mallakar fasaha.

A lura da bambancin digirorin. JD, wato digirin zama lauya na Amurka, shekara uku ne, ana shiga bayan digirin farko, kuma yawancin makarantu suna neman jarrabawar shiga da ake kira LSAT. Wanda ya riga ya zama lauya a gida, LLM, wato digiri na biyu a shari'a na shekara ɗaya, ya fi dacewa da shi. Izinin aikin lauya a Amurka kowace jiha da nata, kuma New York da California suna cikin waɗanda suke karɓar lauyoyin da suka yi karatu a waje bisa sharuɗɗa, don haka a karanta sharuɗɗan daga hukumar jarrabawar jihar kafin a biya kuɗin makaranta.

Da me zan auna makaranta, idan ba da sunanta ba?

Ka fara da tambayar kanka inda za ka yi aiki. Idan mawaƙan Kano da Kaduna da Jos za ka wakilta, dokar Najeriya za ka yi amfani da ita kullum, kuma shekara biyu a ofishin lauya mai aikin mallakar fasaha a Legas ko Abuja za ta iya ba ka abin da aji a ƙasar waje ba zai ba ka ba. Karatun waje yana da amfani idan yarjejeniyoyin da za ka riƙa dubawa da kamfanonin waje ne, irin masu rarraba waƙa zuwa Spotify da YouTube da Audiomack, waɗanda sau da yawa takardunsu suke rataye a kan dokar wata ƙasa.

Bayan haka ka nemi jerin darussan da aka koyar a zangon da ya wuce, domin wasu makarantu suna jera darussa masu yawa a takardar talla alhali ba kowace shekara ake koyar da su ba. Ka duba ko malaman suna aikin da hannunsu, ko akwai ɗakin ba da shawara inda ɗalibai suke duba yarjejeniyar mawaƙa na gaske a ƙarƙashin kulawar malami, ko makarantar tana tura ɗalibai koyon aiki a kamfanonin waƙa da fim. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ka tambaye su inda suke aiki yanzu. Sannan ka yi lissafin kuɗi da idon basira, domin karatun shari'a a Amurka yana cin dubban daloli masu yawa a shekara, kuma wanda ya dawo da bashin dala yana karɓar ladan aiki da naira zai sha wahala. Makarantar da ta ba ka tallafi mai tsoka ta cancanci ka duba ta da kyau ko da sunanta bai kai na wata ba.

Ni mai haɗa sauti ne kawai, me ya haɗa ni da duk wannan?

Kafin mawaƙi ya bar ɗakinka, ku ɗauki takarda ku rubuta sunan waƙar, da ranar da aka ɗauka, da sunan duk wanda ya sa hannu a baiti ko kiɗa, da kason kowa, da kuma ko kuɗin da aka ba ka na aikin rana ne ko kana da rabo a abin da waƙar za ta kawo nan gaba. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Ka kuma adana ainihin fayilolin aikin a wuri biyu, domin idan magana ta kai gaban lauya, su ne za su nuna wanda ya buga kiɗan da ranar da ya buga shi.